Ƙaramar Sana'a: Kasawa Ce Ko Daraja?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya watsa arziki a cikinta, Ya kuma sanya nema ya zama sababin samu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta kamata kowane mai hankali ya tsaya ya yi wa kansa. A kusan kowace unguwa ta garuruwan ƙasar nan ana samun saurayi da ya ƙare karatu, ya ajiye takardarsa a ƙasan akwati, ya shekara uku ko biyar yana jiran aikin ofis. Kullum da safe yakan wuce ta gaban mai shayi da tela da mai faci, ya gaishe su, amma in aka ce ya zauna a inda suke zaune sai ya ga an wulaƙanta shi. Haka kuma ana samun uban da zai ba ma'aikacin da ake bi bashin wata uku 'yarsa da murna, ya hana wa baduku wanda ya mallaki gidansa da guminsa. To, shin ƙaramar sana'a abin da mutum ke yi ne don ya rasa abin da ya fi, ko kuwa tana da daraja ta kanta? Kuma shin arzikin ƙasa a kan manyan kamfanoni yake tsaye, ko a kan waɗannan hannuwa da ake rainawa?

Tambayar ba ta hira ba ce kawai, domin amsar da jama'a suka ba ta ita ce ke yanke wa dubban samari hukuncin zama ko tashi, ita ce kuma ke nuna wa masu mulki inda za su zuba kuɗin jama'a.

INA RAINI YA SAMO ASALI?

Raina sana'a yana da saiwa biyu a ƙasar Hausa. Ta farko tsohuwa ce, watau al'adar nan ta jera sana'o'i hawa-hawa, a ɗaga wasu a ƙasƙantar da wasu, har ya zama ana yi wa mahauci ko wanzami gori da abin da ya gada. Ta biyu kuwa ta zo ne da mulkin Turawa, lokacin da malamin ofis mai albashi ya zama shi ne abin kwatance, sa'an nan kuɗin man fetur ya ƙara mata taki. Ƙarin albashin nan na Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya tabbatar wa mutane da yawa cewa arziki daga baitulmalin Gwamnati yake fitowa, ba daga gona ko maƙera ba. Yau kuwa ofisoshin sun cika, masu takarda sun ninka guraben aiki sau da yawa, amma tunanin bai gushe ba.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin saiwoyin nan biyu da ta tsiro daga addini. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bi, abin da ake dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Sana'ar mutum ba ta cikin sharuɗɗan. Saboda haka uban da ya kori baduku mai addini don dukancinsa, al'ada ya bi, kada ya jingina abin ga Shari'a.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Annabi Dawuda, duk da mulkin da Allah Ya ba shi, daga aikin hannunsa yake ci, kuma Annabi Zakariyya kafinta ne. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada kaɗan, daga baya ya tafi Sham fatauci da dukiyar Nana Khadija tare da yaronta Maisara. Da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa na Ansaru, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ribar da ya fara komowa da ita ɗan cuku ne da man shanu, amma bai bar duniya ba sai da ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Sayyidina Abubakar kuwa, bayan an yi masa mubaya'a, an gan shi ya saɓa tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, sai da sahabbai suka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali don ya sami sukunin duba al'amuran jama'a.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Ansaru da ya zo roƙo. Manzon Allah ya tambaye shi abin da ya mallaka, ya ce shimfiɗa ɗaya ce da ƙwaryar shan ruwa. Aka yi gwanjonsu a kan dirhami 2, aka umurce shi ya sayi abinci da ɗaya, ya sayo gatari da ɗayan. Manzon Allah ya ɗaura wa gatarin ƙota da hannunsa mai albarka, ya sallame shi ya tafi saran itace har kwana 15, ya komo da dirhami 10. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan labari, amma ma'anarsa ta sami ƙarfi daga hadisin Zubairu ɗan Awwamu da ke cikin Buhari, wanda ya fifita ɗaukar igiya a yo itace a sayar a kan roƙon mutane. Mai karatu ya dubi abin da aka yi wa mutumin nan: ba a ba shi sadaka ba, ba a kuma kore shi ba. An mai da ɗan abin da yake da shi ya zama jari. Hausawa ma sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wanda ya san Larabci zai ga wata shaida a cikin sunayen manyan malamai kansu. Azzajjaju ma'anarsa mai aikin gilashi, kuma wannan shi ne laƙabin babban malamin nahawun nan na Bagadaza da ya rasu a shekara ta 311 bayan hijira, wanda daga abin da yake samu a sana'arsa yake biyan malaminsa Almubarridu dirhami guda kullum. Alƙaffalu ma'anarsa mai ƙera kwaɗo, kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya na birnin Marwa mai wannan laƙabi sai da ya kai shekara 30 yana ƙira kafin ya juya ga karatu. Alhassafu mai gyaran takalmi ne. Imamu Abu Hanifa yana da shagon tufafi a Kufa. Waɗannan bayin Allah ba su kankare sunan sana'a daga jikin sunansu ba, da shi duniya ta san su har yau.

Malamai ba su tsaya ga halatta sana'a ba. Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da ɗinki har da ƙaho, farillan kifaya ne. Ma'anar wannan ita ce, in gari ya wayi babu mai yin ɗaya daga cikinsu, laifi ya hau kan mutanen garin gaba ɗaya. Ashe kuwa wanzamin da ake yi wa gori wani nauyi yake saukewa daga wuyan mai gorin. Wannan shi ne tushen amsar tambayar farko: darajar aiki tana zuwa ne daga halaccinsa da buƙatar da jama'a ke da ita gare shi, ba daga tsabtar rigar mai yinsa ba.

SHAIDAR TARIHIN ƘASAR NAN

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi. A 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarimu, ya sauka Kano, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar suna kai wa har Murzuk da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, ba a manyan masana'antu irin na Turai ake yin aikin ba, a cikin gidaje ake yinsa, iyali suna samun abinci ba tare da sun watse ba. Mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, marina suna rini, mabuga suna bugu, fatake suna ɗauka. Babu kamfani guda da ya mallaki wannan ciniki, amma ya tufatar da ƙasashe.

Shugabannin jihadi ma sun gane haka. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tufka igiya don ya ci daga hannunsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, kuma a cikin Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, a cikin ayyukan da suka hau kan shugaba, har da tabbatar da cewa kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu.

AMFANINTA GA ARZIKIN ƘASA

In aka komo ga lissafin zamani, sai a tarar ya gaskata abin da magabata suka gani. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2017 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Nijeriya, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 nasu 'yan ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba. Binciken da ya biyo baya ya sami miliyan 39.6 a 2020, shekarar annobar korona, kuma ya ƙiyasta cewa suna samar da kimanin kashi 46 cikin 100 na dukan abin da ƙasa ke samarwa. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa irin waɗannan sana'o'i su ne kimanin kashi 90 cikin 100 na harkokin kasuwanci a duniya, kuma fiye da rabin ma'aikatan duniya a cikinsu suke. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu ranar 27 ga Yuni tun daga 2017.

Amma adadi kaɗai ba ya bayyana yadda amfanin yake zuwa. Na farko, ƙaramar sana'a tana buɗe aiki da jari kaɗan. Kuɗin da za a kashe kafin babbar masana'anta ta ɗauki mutum ɗaya zai iya sayen kekunan ɗinki masu yawa, kowane keke kuwa gida guda yake riƙewa. Na biyu, kuɗinta a cikin unguwa yake kewayawa. Nairar da aka ba mai ƙosai da safe tana isa hannun mai wake da mai niƙa da mai itace da mai man gyaɗa kafin rana ta faɗi, alhali ribar babban kamfani takan tafi inda masu hannun jarinsa suke, wani lokaci ma a wata ƙasa. A cikin Suratul Hashri, aya ta 7, an bayyana hikimar rabon dukiyar fai'i da cewa don kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Babu abin da ke cika wannan manufa a rayuwar yau da kullum kamar yawaitar masu ƙananan jari.

Na uku, shago makaranta ce. Yaron da ya zauna a gaban makanike ko kafinta, ko ya yi wa maigidansa tsaron rumfa a Kantin Kwari ko Sabon Gari, yana koyon aiki da lissafi da haƙuri da iya magana da mutane, ba tare da Gwamnati ta kashe masa kwabo ba. In maigidan na kirki ne, bayan 'yan shekaru zai yaye shi da jari, shi ma ya ɗauki wani yaron. Na huɗu, ita ce ƙofar da ta buɗe wa matan da ke cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula da saƙa da turaren wuta. Shari'a ta ba mace cikakken iko a kan dukiyarta, kuma Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi takan yi jima da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. Gidaje nawa ne mutuwar maigida ta tarar, ba su watse ba sai don sana'ar uwargida?

Na biyar, arzikin da ya bazu a hannuwa da yawa ya fi jure wa girgiza. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo ta, har Kakuri ta zama unguwar dubban ma'aikata. Da aka rufe ta a 2002, wasu masaƙun kuma suka bi sahu, sai dubban gidaje suka rasa abinci kusan lokaci guda, tare da masu sayar musu da abinci da masu ba su haya. Tela ɗaya in ya karye, iyalinsa ne za su ji, kuma maƙwabcinsa zai iya tallafa masa. Babbar bishiya kuwa in ta faɗi, duk abin da ke ƙarƙashinta take dannewa.

Akwai kuma amfani na shida wanda ba ya shiga littafin ƙididdiga, shi ne 'yancin kai. Wanda abincinsa ke hannun mutum ɗaya, harshensa ma yana hannun mutumin. Wanda kuwa abincinsa ya rarrabu a hannun masu ciniki ɗari, ba ya jin tsoron fushin ɗaya daga cikinsu in gaskiya ta kama. Wannan ne ya sa malaman farko da yawa suka riƙe sana'a, don kada fatawarsu ta zama abin saye. Al'ummar da mafi yawan mutanenta ke da abin yi na kansu, da wuya a sayi ƙuri'arta da taliya da sabulu, da wuya kuma a ɗauki samarinta haya don tada fitina.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna cewa babban kamfani ya fi iya sauƙaƙa farashi, domin yana saye da yawa yana yi da yawa. Suna cewa siminti da takin zamani da tataccen man fetur ba a yinsu a zaure. Suna kuma cewa yawancin abin da ake kira ƙananan sana'o'i talauci ne da aka yi wa suna mai daɗi: mutumin da jarinsa duka bai wuce tiren goro ba, ba shi da fansho, ba shi da hutu, ranar da ya kwanta ciwo ranar tukunyar gidansa ta kife. Ga kuma 'yan mata ƙanana da ake ɗora wa talla a lokacin da ya kamata suna makaranta.

Duk wannan gaskiya ne. Ƙasa ba za ta ci gaba ba tare da manyan masana'antu ba, kuma Musulunci bai zargi dukiya mai yawa ba in ta halal ce ana fitar da haƙƙinta, ga Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu sun isa misali. Tallan yara kuwa aibi ne da ya wajaba iyaye su daina, domin ribar da aka samu da lalacewar tarbiyyar yarinya hasara ce. Amma sukar ba ta rushe maganar ba. Babban kamfanin kansa da ƙananan 'yan kasuwa yake kai kayansa ga jama'a. Buhun sukari ba ya isa gidan talaka sai mai tireda ya ƙulla shi ƙulli-ƙulli, daidai aljihun wanda ke cin na yau ya nemi na gobe, kuma mai tiredan ne ke ba shi bashi in wata ya yi nisa, abin da babban kanti ba zai yi ba. Sa'an nan babba ma daga ƙarami yake tasowa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa ta mai da shi attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma a zamaninsa.

Saboda haka ba a cewa kowa ya dawwama ƙarami. Abin da ake nema shi ne ƙofa ta kasance a buɗe, mai tire ya iya zama mai tebur, mai tebur ya zama mai shago, kada manya su hau su janye tsani. In ƙaramar sana'a ta zama kurkukun talauci, sau da yawa laifin na waɗanda suka toshe mata hanya ne.

HAƘƘIN DA KE KAN MAI SANA'A

Darajar nan da aka ambata tana da sharaɗi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukunce-hukuncen ciniki ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi. A Larabci kalmar ribar ciniki daban take da kalmar ribar da aka haramta, ta farko ribhu, ta biyu riba, amma a rubutun Hausa sun zo da sura ɗaya, kuma da yawa sun haɗa su a aikace kamar yadda suka haɗu a rubuce. Wajibi ne mai sana'a ya san bambancin ribar saye da sayarwa da kuɗin ruwa.

Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu, kuma tauye awo yana cikin laifofin da aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu a kansu. Manzon Allah ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi a kan ɓoye aibi. To, ina matsayin mai bugun gindin mudu, da mai jera manyan tumatir a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, da mai algus a man ja ko zuma, da makaniken da ke sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, da telan da ke karɓar ɗinkin Salla ya san ba zai gama ba? Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da kuɗin talla a rediyo, amanarsa ita ce tallarsa, ran da ta zube jarinsa ya zube. Haka nan ya kamata ya rubuta bashi, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ya raba uwar kuɗi da riba, kada biki da suna su cinye jari. In kayansa da kuɗinsa sun kai nisabi, shekara ta kewayo, ya ƙimanta su ya fitar da kashi 2.5 cikin 100, kamar yadda malaman Malikiyya suka bayyana game da ɗan kasuwa mai jujjuya kaya.

HAƘƘIN DA KE KAN SAURAN JAMA'A

Mai saye ma yana da nasa. Abin kunya ne mai hali ya shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, sa'an nan ya tsaya a kan tsohuwa mai sayar da daddawa yana tayi har sai ya cinye ribarta. Ya kuma tabbata a hadisi cewa jinkirin biyan bashi daga mai ikon biya zalunci ne. Shaguna da yawa bashin manyan unguwa ne ya rufe su, ba ɓarayi ba.

Mawadata kuwa Shari'a ta buɗe musu ƙofar ƙiradi, watau mai kuɗi ya ba da jari, mai ƙwarewa ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, in an faɗi ba da sakaci ba mai kuɗi ya ɗauki hasarar dukiya, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Game da zakka, Imamu Nawawi ya kawo a cikin Almajmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa kuma abin da zai zame masa jari. Attajirin da ke tara mutane dubu a ƙofar gidansa kowace shekara ya raba musu abin da ba zai kwana uku ba, ya auna ya gani ko ba zai fi ba a ce mutum hamsin ya tsayar da ƙafafunsu, baɗi su ma su zama masu bayarwa. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat da Dokta Amjad Saqib ya kafa a Lahore a 2001 ta nuna cewa ana iya ba talakawa rancen jari ba tare da kuɗin ruwa ba, a raba shi a masallatai, kuma su biya. A nan gida akwai adashi tun kaka da kakanni, kuma tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, wasu suka biyo baya. Abin da ya rage shi ne irin wannan jari ya sauko har inda mai tebur yake.

Hukuma ita ce mai kaso mafi girma. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa haraji mai sauƙi yana ƙarfafa mutane su yi aiki har abin da ke shiga baitulmali ya yawaita, mai nauyi kuwa yana kashe zuciya har kuɗin shigar ya ragu. Ya kuma yi gargaɗi cewa shigar mai mulki cikin ciniki yana cutar da talakawa. Mai walda da ke ƙona ribarsa a janareta saboda rashin wuta, da mai rumfar da masu karɓar haraji iri-iri ke yi wa layi, da wanda aka rushe wa tireda ba a nuna masa inda zai koma ba, duk suna da ƙara a gaban Allah. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, sun nuna cewa duk matakin da aka ɗauka a sama, a kan mai ƙaramin jari yake fara sauka. Ya wajaba a riƙa tuna shi kafin a sa hannu a takarda.

To, amsa ta fito. Ƙaramar sana'a ta halal aikin Annabawa ce da sahabbai da malamai, farilla ce da wasu ke saukewa a madadin kowa, kuma kusan rabin arzikin ƙasar nan daga gare ta yake fitowa. Karatu bai hana sana'a ba, gyara ta yake yi, domin mai ilmin da ya zauna a shago zai fi iya lissafi da tsari da gane halal da haram. Saurayin da ke jiran takardar ɗaukar aiki ya ci gaba da nema, babu laifi, amma ya jira ta yana tsaye a bakin wani aiki, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Iyaye kuma su daina auna surukai da irin kujerar da suke zama a kai.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman kowane mai nema, Ya wadatar da bayinSa da halal, Ya tsare su daga haram da ƙasƙancin roƙo. Amin.